Fuskar Suruki a Jikin Kankana

Fahad yana da ɗan shago a bakin titin Ƙofa. Yana buga wa mutane takardu, yana ɗaukar hoton fasfo, in wuta ta daɗe ba ta zo ba ya tayar da janareta ya sa cajin waya. Da wannan garin ya san shi. Amma abin da ya fi ɗaukar masa hankali daban ne. Tun da ya shiga wani zauren karatu a intanet, wanda wani Jibrin yake koyarwa daga Kano, ya kamu da son gina wurare a cikin kwamfuta, irin waɗanda mutum zai shiga ya zagaya, ya leƙa lungu, ya ɗauki abu ya ajiye kamar yana tsaye a wurin. Abokan karatunsa birane suke ginawa masu dogayen benaye. Shi kuwa ya ce kasuwar garinsu zai gina.

Rumfuna ba su ba shi wahala ba. Bango a miƙe yake, kwano a miƙe yake, in ka ɗauki hoton bangon ƙasa ka manna a jikinsa sai ya zauna daram. Da ya iso layin masu kayan gwari ne aikin ya cije. Tumatir, albasa, lemo, kankana, duk ƙwallaye ne, hoto kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai kusurwa huɗu. Duk sa'ad da ya lulluɓa hoto a jikin ƙwallo sai tsakiyar ta baje, sama da ƙasa su tattare kamar bakin buhun da aka ɗaure, a baya kuma inda gefe da gefe suka haɗu sai wani layi ya fito kamar ɗinkin ɗan koyo.

Ya kai kukansa wurin Jibrin. Jibrin ya aiko masa da saƙon murya.

"Daina gwaji da hoton ɓawon kankana. Kore ne ko'ina, ido ba zai gane inda ya ja da inda ya tsuke ba. Sa fuskar mutum. Babu abin da ido ya sani kamar fuska, ko kunne ne ya goce kaɗan za ka gani. In fuska ta zauna daidai, sai ka cire ta ka sa ɓawonka."

Fahad ya buɗe inda yake tara hotunan fasfo. Wanda yake sama shi ya ɗauka, bai tsaya zaɓe ba. Hoton Malam Mudi ne, surukinsa, mahaifin matarsa Badiyya.

Malam Mudi yana cikin waɗanda aka tayar tun suna yara lokacin da ruwan Tiga ya cinye tsohon ƙauyensu. A sabon mazaunin ya girma, yana su yana noman rani. Ba shi da yawan magana, kuma in liman ba ya nan shi ake turawa gaba a masallacin masunta. A makon ne ya zo shagon neman hoto saboda katin ƙungiyar manoman rani. Fahad ya durƙusa ya gaishe shi, ya goge masa kujera, ya ɗauki hoton da ƙyar yana iya ɗaga ido. Da dattijon zai tafi ya ce, "Ka adana mini shi a wurinka. In an sake nema ba sai na zo ba."

Wannan hoton Fahad ya sa wa suna kankana, domin gurbin da zai cike ke nan, ya lulluɓa shi a jikin ƙwallon. Kumatun dattijon suka buɗe har suka zagaya baya. Idanu suka rabu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Hular ta tsuke ta zama tsini, gemun ya ƙulle a ƙasa wuri ɗaya. Fahad ya fashe da dariya shi kaɗai a shago har da buga tebur. Sai ya waiga ƙofa, ya ga ba kowa, ya ce astagfirullah, ya ci gaba da aiki.

Shawarar Jibrin ta yi amfani. Kwana da kwanaki yana gyara, yana matsar da hoton, yana kai ɗinkin can baya inda ba a gani, yana koyon yadda ake faɗaɗa sama da ƙasan hoto tun kafin a lulluɓa don kada su tattare. Fuskar da bai taɓa yi wa kallon ƙurilla ba tun da ya fara neman aure, yanzu ya san kowane layi na goshinta. Da ta zauna yadda yake so, ya je kasuwa ya ɗauki hoton kankana ta gaske, ya ajiye a wani wuri daban a kwamfutarsa, shi ma da suna kankana, ya nuna wa manhajar sabon. Ya ninka ƙwallon ya yi tuli guda a rumfar ƙarshe. Suka yi kyau har mutum ya ji kamar ya ƙwanƙwasa ɗaya ya ji ko ta nuna. Tsohon hoton kuwa ya manta da shi a cikin jakar aikin.

Ana nan ƙungiyar matasa ta shirya taron nuna sana'o'i a Bebeji. Murtala, abokin Fahad tun firamare kuma shugaban ƙungiyar, ya matsa masa sai ya nuna kasuwar a majigi. Badiyya ta fi kowa murna. Ta san a gidansu ana yi wa mijinta kallon mai zaman danna kwamfuta, ba gona ba komar kamun kifi. Ta kira mahaifinta ta roƙe shi ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo. Ya sa farar babbar riga, ya taho a ƙaramar bas tare da amininsa Zailani, wani masunci mai babbar murya. Murtala ya ba su kujerun gaba. Mata suna gefe guda, Badiyya a cikinsu tana ta gyara mayafi.

Da lokacin Fahad ya yi sai aka tarar wayar majigin ba ta shiga kwamfutarsa. Murtala ya ce ba komai, a kwafe aikin a zuba a ta ƙungiya. Fahad ya kwafi jakar aikin cikin sauri, mutane suna jira, bai tuna cewa hoton kankanar gaske ba a cikinta yake ba.

Kasuwa ta bayyana a jikin farin bango, ɗakin ya ɗauki sowa.

"Ga rumfar mai nama!"

"Wallahi har da kwatar nan da muke tsallakewa!"

Fahad ya saci kallon surukinsa ya ga ya ɗan sunkuyo gaba yana gyaɗa kai. Daɗi ya kama shi. Don ya nuna kowa ma zai iya shiga, ya miƙa wa Murtala madannan, shi ya koma gefe da makirufo yana bayani. Murtala ya bi layin masu hatsi, ya wuce masu takalma, ya karya kwana zuwa rumfar ƙarshe.

Kwamfutar ƙungiya ta nemi hoto mai suna kankana, ba ta sami sabon ba, ta ɗauki wanda ta tarar.

Tulin yana nan yadda ya tsara shi, amma kowace kankana fuskar Malam Mudi ce, da hula da gemu, wata tana kallon sama, wata a kife, wata a karkace. Murtala kuwa idonsa yana kan madannai, yana neman wanda aka ce masa na ɗaukar kaya ne. Ya danna, ya zaro ɗaya daga ƙasan tulin. Tulin ya rushe. Kawunan suka bazu a tsakiyar kasuwa suna mirginawa, suna karo da juna, ɗaya ya gangara ya faɗa kwata.

Idon Malam Mudi ba shi da ƙarfi sosai. Ya ƙanƙance shi yana ƙoƙarin gane abin da ake gani. Zailani ne ya dafa kafaɗarsa, ya faɗa da muryar nan tasa da ake ji daga tsallaken ruwa.

"Mudi! Ai kai ne!"

Dariyar da ta tashi har waje aka ji ta. Wasu suna ƙoƙarin dannewa suna toshe baki da hula, wasu sun miƙe da wayoyi a sama. Fahad ya yar da makirufo ya ruga ya fizge wayar majigin, bango ya koma fari. Amma an riga an ɗauka.

Malam Mudi ya miƙe a hankali. Ya gyara rigarsa a kafaɗa, bai kalli kowa ba, ya bi ta tsakiyar kujeru ya fita. Zailani ya bi bayansa, dariyarsa ta ɗauke. Fahad yana tsaye da wayar majigin a hannu. Ya san ya kamata ya bi su, amma bai bi su ba.

A gida Badiyya ba ta yi kuka ba. Ta cire mayafi ta ninke, ta zauna a bakin gado.

"Me ya yi maka?" ta ce.

"Wallahi babu. Kuskure ne. Gwaji nake yi, aka ce in sa fuska."

Ya yi mata bayani duka, yadda hoto yake tattarewa a jikin ƙwallo, da maganar Jibrin, da sunaye biyun da suka zo ɗaya. Ta saurara har ya gama.

"Duk hotunan da ke shagonka babu naka?"

Ta ƙara jefo masa wata tambayar.

"Ranar da ka fara ganinsa a haka, ka yi dariya?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tashi ta fita tsakar gida ta hau wanke kwanukan da ba su da datti.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya kai Kiru, ya kai Tudun Wada, wani ɗan ajinsu da ke aiki a Doguwa ma ya turo masa yana tambaya ko shi ne ya yi. Wani ya ɗora masa kiɗa. Murtala ya bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su goge, suka goge, amma abin ya riga ya wuce hannunsu. A shago, wani da ya zo hoton fasfo ya zauna a kujera ya ce, "Don Allah ni dai kada a mai da ni kabewa." Fahad ya yi murmushin dole, ya ɗauki hoton, da mutumin ya fita ya ja ƙofa ya kulle. Ya kwana uku bai buɗe ba. Ko masallaci sai an tayar yake shiga, ana sallamewa ya fice.

Badiyya ta je gida ta yini ta dawo. Ya tambaye ta abin da Baba ya ce.

"Bai ce komai ba. Ya tambaye ni lafiyarka." Ta ajiye jakarta. "A bakin ruwa yanzu Mudi Kankana suke ce masa."

Ba zai iya tunkarar surukinsa shi kaɗai ba. Ya je wurin Baffa Uba, ƙanin mahaifinsa, wanda shi ya karɓar masa auren. Baffa Uba ya riga ya ga bidiyon. Ya yi masa faɗa son ransa, ya ce wanda ya ba ka 'ya ya kuma ba ka ajiyar fuskarsa ba abin wasa ba ne, sannan ya sa hula ya ce su tafi.

Bayan la'asar suka isa a babur. Malam Mudi yana zaure yana gyaran koma. Ya tare su da fara'a daidai gwargwado, ya sa aka shimfiɗa wa Baffa Uba tabarma. Fahad ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, bai yarda ya hau tabarmar ba. Manyan suka gaisa, suka tambayi iyali da ruwa da amfanin gona. Sannan Baffa Uba ya gyara murya.

"Malam, yaron nan mun kawo shi ne. Ya yi abin da bai kamata ba, kuma ba mu zo kare shi ba. Mun zo neman afuwa."

Malam Mudi ya ci gaba da ɗaurin zarensa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Fahad."

"Na'am, Baba."

"An ce mini ba da gangan ka yi ba."

"Wallahi ba da gangan ba ne, Baba."

"Na yarda. Da na zaci da gangan ne da ba ku same ni a zaune ba." Ya ja zaren da haƙori ya tsinke. "To a goge shi."

"Na goge, Baba. Babu shi a wurina ko kaɗan."

"Na wurin mutane fa?"

Dattijon ya ɗora da wata tambayar.

"Ba ka da yadda za ka kira shi ya dawo?"

"Babu, Baba."

"Ko a can Kano, wurin malamin naku?"

"Ko shi ba zai iya ba."

Dattijon ya ajiye komar a cinyarsa. A karon farko ya dubi Fahad sosai, Fahad ya ƙara duƙar da kai har yana ganin ƙasa kawai.

"Shekaranjiya liman ya yi tafiya," in ji Malam Mudi, yana magana da Baffa Uba. "Aka ce in shiga gaba. Na tayar da kabbara, sai na ji wani a sahun baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Wataƙila tarin gaske ne, Allah ne masani. Amma na kasa tuna abin da nake karantawa. Da na sallame na ce musu daga yau su nemi wani."

Baffa Uba ya ce, "Subhanallahi."

Fahad ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya ce wani abu, duk kalmar da ta zo bakinsa sai ya ga ta yi ƙanƙanta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Tun kafin ku taso na yafe, balle Uba ya tako da ƙafarsa." Ya ɗauki komarsa. "Ka kula da 'yar mutane. Kwana biyun nan ba ta cin abinci, uwarta ta faɗa mini. Ku tashi kada magariba ta same ku a hanya."

A kan babur Baffa Uba ya ce an gama, Allah Ya rufa asiri. Fahad bai ji an gama ba.

Ya buɗe shago ya koma buga takardu. Kasuwar kuwa bai sake buɗe ta ba. Jibrin ya kira ya ba shi haƙuri, ya ce shi ma da laifinsa da bai ce masa ya sa tasa fuskar ba, ya kuma ce aikin ya fi na kowa kyau a ajin, kada ya bari. Fahad ya ce to, amma ko ya kai hannu zai buɗe sai ya fasa. Daga baya ya ji a bakin Badiyya cewa ƙungiyar manoma ta sake neman hoto, Baba ya hau mota har Kiru aka ɗauke shi a can. Ba ta faɗa don ta ɓata masa rai ba, cikin hira ta fito suna cin abinci. Ya ajiye cokali, ya ce ya ƙoshi.

Da lokacin cirar albasa ya zo, Badiyya ta ce ana neman hannu a gonar Baba, 'yan ƙodago sun yi wuya. Ba ta ce ya je ba. Washegari da sassafe ya rufe shago, ya sa tsofaffin kaya, ya hau babur.

Malam Mudi ya gan shi ya taho ta kan kunya, ya amsa gaisuwarsa, ya nuna masa tulin albasar da aka yanke wa ganye. Fahad bai saba ba. Kafin hantsi bayansa ya ƙage, ƙamshin albasa ya sa idonsa ruwa, ƙasa ta cika masa farce. Ba wanda ya yi masa magana sai in za a ce matsa ko kawo. Da rana ta take aka kawo ɗanwake daga gida. Ya ɗauki nasa zai koma gefe, dattijon ya ce ya zauna nan inuwar ta ishe su. Suka ci kowa da kwanonsa, ba mai kallon wani.

Bayan azahar suka hau ɗura buhu. Fahad yana riƙe baki, Malam Mudi yana zubawa yana girgizawa don ta zauna. Suna cikin haka wasu samari biyu suka wuce a babur ta hanyar da ta bi gefen gonar. Na bayan ya ɗaga hannu.

"Sannu da aiki, Baba Kankana!"

Babur ɗin ya wuce da dariyarsu. Hannun Fahad ya saki, gefen buhun ya faɗi, albasa ta zube a ƙasa. Ya tsaya bai san inda zai sa idonsa ba. Malam Mudi ya tsaya shi ma, kwando a hannu, yana kallon inda ƙurar babur ɗin take kwantawa.

Sannan ya sunkuya ya fara tsince albasar yana mayarwa cikin kwando.

"Riƙe bakin da kyau," ya ce. "Akwai saura da yawa kafin mai mota ya zo."

Fahad ya kama bakin buhun da hannu biyu ya buɗe shi sosai.